Filin da Ke Tsakanin Ɗan da Issa

Ku ƴaƴana, akwai wata magana da kuka tashi da ita wadda nake so in gyara tun ina da sauran haƙoran faɗa. Kun ji babanku yana cewa kuran ne, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya ƙone muryar Kawu Garba, wadda muka ɗauka don gidan rediyo. Kun maimaita, ƴaƴanku ma sun fara maimaitawa, har ran nan na ji jikana Nasiru yana tsine wa kuran a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Allah ya jiƙan babanku, asiri ya rufa mini. Kuran bai ci komai ba. Ni ce, da wannan babban yatsan nawa na dama. Amma kada ku shirya fuskar makoki, domin shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da na fi jin daɗin duniya tun bayan ƙuruciya, kuma ba zan ɓoye daɗin don ɗacin da ya biyo baya ba.

Kun san ni dakitilo ce, mai buga takardu. Shekara talatin ina kaɗa keken rubutu, har na ƙare a ɗan gidan rediyon garinmu ina buga sanarwar biki da suna da cigiyar akuya. Da ordinatar, wato kwamfuta, ta zo, kowane mai gabatarwa ya koma buga nasa da yatsa biyu, ni kuwa na zama kujerar da ba a san inda za a ajiye ta ba. A lokacin muna da shirin da ya fi kowanne farin jini, na muryoyin dattawa. Ana zagaya ƙauyuka ana ɗaukar maganar tsofaffi, a kawo a zuba cikin wani baƙin akwati da ke ɗakin baya. Masu boko suna ce masa sarbar, mu kuwa rumbu muke ce masa. A cikinsa akwai dosiye huɗu, wato jakunkunan ajiya, kowanne da sunan wurin da aka ɗauko murya: Madarunfa, Safo, Gabi da Ɗan Issa. Rumbun ƙarami ne, wata ɗaya ya cika. Dole wani ya riƙa kwafe sababbin muryoyi zuwa babban diski da muke kira taska, sannan ya share tsofaffi daga rumbu don a sami wuri. Laminu, wani ma'aikaci da ke zuwa daga Maraɗi sau biyu a mako, shi ke wannan aikin. Sai ya sami aiki a Damagaram, saura mako uku ya tafi. Dirakta ya tara mu ya ce ko dai a samo mai difiloma, ko a rufe shirin. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ni zan riƙe rumbun."

Dirakta ya cire tabarau ya dube ni. "Madam Rabi, wanga hwa ba keken rubutu ba ne."

"Yana da haruffa?"

"Shina da su."

"To indai haruffa ne, ba a haihi wanda zai hi ni ba garin ga."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Shekarata hamsin da uku, ko ɓeran ordinatar ban iya riƙewa da kyau ba, kullum kibiyar sai ta gudu inda ban aike ta ba.

Ranar farko Laminu ya zaunar da ni gaban rumbu, na lalubi ɓera ban gani ba. Ya ce rumbu ba shi da ɓera, ba shi da hotuna, baƙar taga ce kawai da wani ɗan farin layi yana ƙifta ido yana jira. Ya ce in buga haruffa biyu, l da s, in danna maɓallin antire. Na buga. Kafin in ɗauke yatsa sai ga sunaye huɗu sun jeru a gabana. Na ce ya bari in sake. Na sake, suka sake fitowa. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Shekara talatin ina buga haruffa suna kwanciya a takarda kamar matattu, yau na buga biyu sun miƙe sun tafi sun dawo da amsa! Na ce da Laminu ya ƙaro. Ya ba ni c da p na kwafewa, ya ba ni c da d na shiga ɗaki, ya nuna mini na sharewa yana riƙe da hannuna kamar mai miƙa wa mutum wuƙa. Kafin azahar na cika shafi uku na kaye, littafin rubutuna. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, da ya karɓi kilabiye, allon haruffan nan, zai nuna mini wani abu, sai na ga injiniya guda yana tsattsagar haruffa da yatsa biyu. Na ture shi na ce ya faɗa da baki. Yatsuna goma suka zuba ruwa, ya riƙe haɓa.

"Tanti, ashe ke an ka yi wa tagar ga, ba mu ba."

A mako na biyu ya nuna mini abin da ya juya mini kai gaba ɗaya. Ya ce duk umarnin nan da nake bugawa ɗaya bayan ɗaya, ana iya jera su cikin takarda guda, a ba ta suna, in an kira sunan sai na'ura ta bi su daga sama har ƙasa ba tare da an tsaya a kanta ba. Iskirifti ya ce sunan abin. Layin farko yakan fara da wasu alamu biyu, ni na sa musu tsani da sanda. Akwai kuma alamar dala, ba dalar sayen ƙosai ba, wadda in ka sa ta gaban kalma sai kalmar ta zama kamar ƙwarya, yanzu ta ɗauki Safo, an jima ta ɗauki Gabi. Na dawo gida da yamma ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Inna, kakarku, tana zaune bakin ɗakinta tana ɓarar wake. Kun san ita ƴar Ɗan Issa ce, aure ya kawo ta Madarunfa, kuma har ta bar duniya ba ta yarda an yi garin da ya kai nasu ba. Na zauna na zuba mata bayani, ina yi ina zana tsani da sanda a ƙasa. Ta saurara har na gaji.

"Ke dakata. Ki rubuta mai duk abin da kike so, shi tahi shi yi, ke kina zaune?"

"Haka ne, Inna."

"To mi a' abin mamaki? Ai sallahu ne."

Na fashe da dariya, domin ta gama karatun mako biyu da kalma ɗaya. Inna gwanar sallahu ce. In direban da ta sani zai bi hanyar Ɗan Issa, takan tsayar da shi ta ɗora masa saƙo: daddawa ga wance, kuka ga wance, tsohon zane ga matar wane. Kowane saƙo da ƙullinsa daban a tsumma, kowane ƙulli ta faɗi sunan mai shi sau uku, kuma in direban ya dawo sai ya tsaya ya ba ta bayani, in ba haka ba ya shiga uku. Washegari da Laminu ya ce in zaɓa wa takardata suna, ban yi dogon tunani ba, na buga sallahu.

Layi goma sha ɗaya ne kacal, har yanzu zan iya karanto muku su da ka. Shiga rumbu. Ɗauki kowane gari da ka gani, ka kwafe shi zuwa taska. In ka gama, duba rumbu duka, duk muryar da ta wuce kwana talatin ka share ta. Kwana huɗu ina fama da su. Sau ɗaya na manta kalmar rufewa, na'ura ta tsaya tana kallona ina kallonta. Sau ɗaya na kwafe taska cikin taska har ta kusa shaƙewa. Ranar Alhamis da hantsi na kira sunan sallahu, na danna antire, na naɗe hannu. Ɗan koren fitilar taska ya fara ƙiftawa. Aikin da ke cinye wa Laminu awa uku ya ƙare kafin shayin da ya dafa ya huce. Ban san na yi guɗa ba sai da na ji ta a kunnena. Dirakta ya faɗo ɗakin da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana tambayar ina wutar ta kama.

Sannan Laminu ya nuna mini agogon da ke cikin rumbu, wanda za ka ce masa kullum ƙarfe kaza ka kira wane. Ya ce a birni cikin dare ake sa irin wannan aiki. Na ce nan ba birni ba ne, batiranmu tsofaffi ne, da rana ta faɗi sai su fara nishi. Na sa shi daidai azahar, lokacin da rana ke tsaye kan fanon wutar rana da ke rufinmu. Ranar da aka fara, na yi alwala na tafi salla, zuciyata rabi a sujada rabi a ɗakin baya, Allah ya yafe mini. Na sallame na ruga. An gama. Ba wanda ya taɓa komai, an gama! Da na tashi aiki ban bi hanyar gida ba, na zagaya ta bakin tabki ina tafiya ina murmushi ni kaɗai, har wata mai tallan kifi ta tambaye ni ko albishir aka yi mini.

Ku da kuke gida a lokacin kun san yadda na zama. Hadiza, ke ce kika sha wankin tukunyar da na ƙona, ina sane, ban manta ba. In dabara ta faɗo mini ina tuƙin tuwo, sai in ɗauki gawayi in rubuta a bangon madafa don kada ta gudu. Babanku yakan dawo daga shagon ɗinki ya tsaya yana karanta bangon kamar mai duba allo.

"Rabi, tunda kin iya, ki rubuta wa tukunyar ga sallahu ta riƙa tuƙa kanta. Mu dai mun gaji da cin ƙanzo."

"Malam, ka yi haƙuri, tukunya ba ta jin karatu."

"Ita ko waccan tana ji?"

"Ta hi mutane ji. Abin da ka ce shi taka yi, ba ƙari ba ragi."

Na faɗi wannan maganar da alfahari, ban san ita ce za ta kama ni ba.

Abu biyu na yi bayan tafiyar Laminu, kuma duka biyun daga halina suka fito, don haka ku saurara, wasunku sun gado shi. Na farko, na tsani ƙorafi. Sallahu in yana aiki yakan zubo wasu layuka na Ingilishi a kan ƙananan abubuwa, wai wannan fishiye, wato fayil, yana buɗe, wai wancan ya riga ya kasance. Ni faransancin lakwal, makarantar boko, na yi, Ingilishi ko na sayen gishiri ban da shi, kuma layukan suna ɓata mini tsabtar taga. Tun kafin ya tafi na matsa wa Laminu har ya nuna mini wata rijiya da ke cikin na'ura, wadda duk abin da aka jefa ciki ya tafi ke nan. Ya nuna yana jan kunnena.

"Tanti, ƙananan kawai. Kar ki zuba mata duka. Ɗan aike in shi rasa baki, ba ki sanin inda ya kwan."

Na ce to. Motarsa ba ta kai Tasawa ba na juye ƙorafin duka cikin rijiya, taga ta yi fes, na ji sanyi a raina.

Na biyu shi ne sunan garin Inna. Laminu ya rubuta dosiyen ne da ƙananan haruffa a cure wuri guda, danissa, kamar sunan maganin tari. Kullum na buga l da s sai ya tsone mini ido. Shekara talatin ina gyara rubutun manya, ban taɓa barin takarda ta fita hannuna da sunan gari a gurguje ba, balle garin uwata. Kilabiyen ba shi da Ɗ mai ƙugiya, wannan na haƙura. Amma na sa babban D, na danna dogon maɓallin nan na ƙasa da babban yatsa na bar fili, na sa babban I. Dan Issa. Na ja baya na dube shi, ya yi kyau ƙwarai. Har gida na je na gaya wa Inna na gyara wa garinsu suna a cikin na'ura, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Watannin da suka biyo baya, ban taɓa jin kaina da kaifi kamar lokacin ba. Na rubuta wani ƙaramin sallahu mai auna cikin rumbu, in ya kusa cika sai ya rubuto da Hausa, Rabi, rumbu ya ƙoshi. Na rubuta wani mai jera sanarwar yini bisa lokaci. Don tsokana na sa ordinatar dirakta ta riƙa gaishe shi da safe tana tambayar ya ya kwanan tabarau. Masu gabatarwa da suka daina kulawa da ni suka koma leƙowa ɗakin baya suna Tanti kaza Tanti kaza. Wani daga Gabi ya zo musamman ganin tsohuwar da ke magana da akwati. Ban ɓoye muku ba, kaina ya kumbura, kuma na ji daɗin kumburin.

Bayan an gama girbin hatsi aka sa ranar ɗaukar dattawan Ɗan Issa, na ce ni zan je da kaina, tunda yayan Inna, Kawu Garba, yana cikinsu. Ya haura tamanin, ya yi fatauci da jakai tsakanin Maraɗi da Katsina tun kafin hanyar ta ga kwalta. Shi ne kuma ya riƙe asalin gidanmu. Na same shi a zaure, na kafa masa mikro na ɗaukar murya, ya yi gyaran murya ya shiga labari: gyaɗa, fari, yadda ake kwana a hanya, wanda ya haƙa rijiyar unguwarsu. Can ya ce bari ya ƙirgo kakanni. Ya fara daga ubansu shi da Inna, yana naɗe yatsa ɗaya ɗaya, har ya kai bakwai, na bakwai shi ne wanda ya fara sauka a wurin. Ni kuwa idona yana kan ɗan koren layin da ke nuna ƙarfin murya, ina tsoron kada ya haura ja. Kunnena yana ji, hankalina ba ya wurin. Da ya gama ya dube ni.

"Ɗiyata, kin riƙe?"

"Na'ura ta riƙe, Kawu."

"To, madalla. Ni dai na sauke."

Na dawo na zuba muryarsa da ta wasu dattawa shida cikin dosiyen Dan Issa, na goge katin mikro kamar yadda muka saba don a tafi da shi Safo. Shirin yana da layi, sai bayan wata biyu za a kai ga nasu. Ban damu ba, ai sallahu yana kwafewa kullum da azahar.

Kwana arba'in da ɗaya bayan haka Kawu ya rasu, zazzaɓin kwana biyu. Ranar sadakar uku Inna ta kira ni gefe ta ce tana so ranar bakwai a sa muryarsa a rediyo, dangi na nesa su ji, yara su ji sunayen kakanninsu daga bakinsa. Na ce wannan ai kamar an yi. Da safe na shiga ɗakin baya ina taƙama, na buɗe taska. Madarunfa cike, Safo cike, Gabi cike. Akwai tsohon danissa da muryoyin bara. Dan Issa babu shi sam. Na ce to yana rumbu. Na shiga rumbu, dosiyen yana nan da kyakkyawan sunansa, na buga l da s, taga ta dawo mini wayam. Na sake bugawa har sau biyar. Na kira Laminu a Damagaram. Ya tambaye ni abin da sallahu ke cewa in ya gama. Na ce ba ya cewa komai. Sai ya ce:

"Tanti, kin zuba duka rijiya ko?"

"Na zuba."

"Hidda rijiyar, ki kira shi, ki karanto mani harafi harafi."

Na cire, na kira. Layi biyu suka fito, na karanto masa, ya fassara mini. Na fari ya ce, ban ga wani Dan ba. Na biyu ya ce, ban ga wani Issa ba. A wurin na'ura, fili yana nufin suna ya ƙare, wani ya fara. Tun ranar da na gyara rubutun, kullum da azahar sallahu yakan fita neman mutum biyu, wani Dan da wani Issa, ya rasa su, ya dawo ya faɗa, ni kuwa na riga na sa bakinsa cikin rijiya. Layin sharewa kuma ba ruwansa da suna, kwana kawai yake ƙirgawa. Da muryar Kawu ta cika talatin ya share ta, kamar yadda na umarce shi. Laminu ya sa na kashe rumbu, ya zo da kansa bayan kwana biyu ya yi ta haƙa, amma sababbin muryoyin Safo sun riga sun hau kan wurin. Maganin kuwa, da ya nuna mini, sai da na ji kamar in mari kaina: ƴan alamu biyu ne, irin waɗanda nake bugawa kullum a gefen maganar mutane, a sa ɗaya gaban suna ɗaya bayansa, na'ura ta ɗauke shi dunƙule.

Na gaya wa dirakta gaskiya a ranar, ban rage komai ba. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce dattawa shidan suna raye, in koma in sake ɗaukarsu, kuma daga yau kada sallahu ya share ko tari sai ya tabbatar yana cikin taska. A gida ne na kasa. Ranar bakwai dangi sun cika tsakar gida suna jiran rediyo, na tsaya a gabansu, sai babanku ya dube ni sau ɗaya ya juya ya ce wa mutane kuran ya ɗauke ya ƙone abin. Kowa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, wa bai san halin kuran ba. Na bar maganar ta zauna, ta zauna har yau.

Inna kaɗai na kasa yi wa haka. Bayan baƙi sun watse, da hantsi, na same ta tana shanya kuka, na durƙusa na gaya mata komai, tun daga rijiya har filin. Ta sa na maimaita wurin neman mutum biyun.

"Wai ya tahi neman Ɗan daban, Issa daban?"

"Eh, Inna."

"Kullum?"

"Kullum da azahar."

Sai ta kama dariya. Ta yi dariya har ta dafa ƙasa, tana cewa wane irin wawan ɗan aike ne wannan, ko jaririn Ɗan Issa ya san garinsu guda ne. Dariyar ta yi ta yi har ta juye ta zama kuka, na riƙe ta muka yi tare. Da ta natsu ta share fuska da bakin zane.

"Ba laihinai ba ne. Ke ce ba ki ƙulle ba. Kin taɓa ganin na ba direba saƙo a sake? Kuma kin hana shi baki. Tashi ki ɗauko abin maganar taku."

Na ɗauko mikro na kafa mata a nan tsakar gida. Ta ba da labarin yayanta yadda ta sha jinsa, jakai da gyaɗa da rijiyar unguwa, har da irin gyaran muryarsa tana kwaikwaya. Wannan karon ban kalli koren layi ba ko sau ɗaya, bakinta na kalla. Ta zo kan kakanni ta fara naɗe yatsu. Ubansu. Kakansu. Na uku, na huɗu. Na biyar ta ɗan yi jim, sannan ya zo mata. Ta buɗe ɗaya hannun, ta riƙe ƙaramin yatsa, leɓenta yana motsi. Na jira. Ta riƙe na kusa da shi. Kaji suna ta kai da kawowa, wata mota ta wuce a titi, Inna ba ta ce komai ba. Na shida da na bakwai Kawu kaɗai ya san su. Mun tambaya daga baya har Katsina, ba wanda ya riƙe.

Da na kai muryar ɗakin baya na saurara, shirun ya yi tsawo, na ce zan yanke shi kamar yadda ake yi wa kowane shiri. Na dawo na gaya mata.

"Kar ki taɓa shi," in ji Inna. "Wurinsu ne."

Na riƙe rumbun shekara tara bayan haka, na koya wa mata uku da maza biyu baƙar taga, kuma darasin farko da nake ba kowa shi ne ya buɗe dosiye mai suna Dan Issa ya kwafe shi. Duk sai sun faɗi, ni kuma in yi ta dariya kafin in nuna musu ƙulli. Sallahu yana nan yana aiki, ya kai layi sittin, kuma in ya gama sai ya ba da bayani da Hausa, gari gari, ko da daɗi ko babu. Har gobe in na ji kiran azahar sai na ji wani ɗan farin ciki ya motsa mini a ƙirji, na san yana can ya fita aike.

Muryar Inna tana wuri uku, ɗaya yana cikin akwatina na ƙarfe a ƙarƙashin zannuwa, cikin ɗan kile mai jan zare, irin wanda ake soka wa ordinatar. In kun kunna wa ƴaƴanku, za ku ji ta ƙirga biyar sannan ta yi shiru, sai kukan kaji da ƙarar mota. Kada ku ce abin ya lalace, kada ku tura gaba. Ku bar yaran su zauna su ji shi har ya ƙare, in sun tambaya ku ce kakanninsu ne guda biyu, kuma ku gaya musu wadda ta ɓatar da su.